Sai Iska Ta Cika

Marin farko da na sha a kan mota mahaifina ne ya yi mini shi, kuma har yau idan sanyi ya kama ni, kunnen hagu ne ke fara ciwo. Gemu ya soma tsiro mini a lokacin, na kuma ɗauka na iya tuƙi tunda ana ba ni sitiyari a hanyar daji. Wata safiya a tashar Gummi ya miƙo mini makullin gingimarinsa, ya ce in tayar da ita kafin ya gama karyawa. Na murɗa, ta yi tari ta kama. Ni kuwa don 'yan tasha su san wane ne a ciki, sai na danna totur har ƙasa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe masu shayi. Ban ga lokacin da ya taso ba. Ƙofa kawai na ji an fizge, aka jawo ni ta wuyan riga, na sauko ba ta matakala ba.

"Ɗan banza! Kai wa yat taɓa tashe ka daga kwana yac ce ka yi gudu?" Ya ƙara mini wani a ƙeya. "Ko jaki ana bari shi miƙe. Ba ta sha baƙin mai ba, ba ta yi iska ba, kana tsaga mata ciki?"

Da jini a leɓe ya zaunar da ni a kujerar gefe, ya nuna mini abin da ya kamata in sani tun kafin in san giya. Injin gas ba ya son gaggawa. Idan ya kwana, baƙin mai duk ya sauka ƙasa, sai an bar shi a silo, wato yana kuka a hankali shi kaɗai ba a taka shi ba, har man ya zagaye ƙarfe. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu shi ne iska. Babbar mota da iska take tsayawa, da iska kuma take sakin ƙafa. Akwai tankuna a ƙarƙashinta da inji ke hurawa, idan babu komai a cikinsu birki damƙe tayoyi yake yi, ko duk garin za su taru su tura ba za ta motsa ba. A gaban direba akwai allura, akwai kuma wata 'yar ƙararrawa mai tsinannen kuka wadda ba ta yin shiru sai iska ta cika. Ya ce in zauna in saurare ta har ta gaji. Na zauna ina sauraro da kunne ɗaya, ɗayan yana ta ƙugi.

Da ya rasu na gaji motar, na gaji saurin hannun, na kuma gaji wannan zama na safe. Shekaru masu yawa ɗumama mota shi ne lokacin da na fi so a yinina. Ka yi sallah, ka duba ruwan lagireto, ka tayar da ita, ka koma benci ka riƙe kofin shayi, kana jin ƙasa tana rawa a ƙarƙashin takalminka. Shinkafa nake ɗauka daga fadamun Gummi, wani lokaci busasshen kifi, in bi ta Bukkuyum in kai Anka, in dawo da abin da ya samu. Ranakun kasuwa kuma mutane da kayansu, a kan buhuna, har da awaki. Babu wanda ke tunanin mota za ta iya zama abin gudu. Idan ka isa kasuwa sai ka kashe ta ka shiga inuwa.

Sai 'yan bindiga suka cika dajinmu. Ba zan tsaya ba da labarin yadda abin ya faro ba, kowa a nan yana da nasa, kuma duk da gawa yake ƙarewa. Nawa na direbobi ne. Akwai wani abokin aikina mutumin Anka, mai barkwanci, wanda ba ya wuce ka a hanya bai leƙo ya zage ka ba. Ya kai kaya wani ƙauye, ya kashe mota saboda gas ya yi tsada kuma mai motar ya dame shi da ƙorafi. Ina cikin waɗanda suka je ɗauko shi. Mun same shi a kujerarsa, kansa a kan sitiyari, an harbe shi ta gilashi. Inji yana ta kuka, domin ya samu ya tayar da ita. Allura ta cika maƙil, ƙararrawa ta yi shiru, mota a shirye take tsaf ta tafi, sai dai ta shirya ne bayan an gama da shi. Da hannuna na kashe ta. Jininsa ya bushe a kan makulli, sai da na kankare da farce kafin in ba mai motar.

Tun daga ranar muka shafa wa gemunmu ruwa. Direban da ya shiga kasuwar daji ba ya kashe mota. Ka juya hancinta ya kalli hanyar fita, ka bar ta a silo daga isowa har tashi, gas ya ƙone in zai ƙone. Ni na fi kowa riƙe wannan, domin gingimarina ta tsufa, tana da yoyon iska a wani mahaɗin tiyo can ƙarƙashi, kusa da salansa. Bakanike ya ɗaure da robar tayar keke, ya ce sai an samo sabo daga birni. Idan inji yana aiki ba a gane komai. Idan aka kashe, kafin ka ci tuwo ka wanke hannu tankuna sun zama fanko.

Ƙauyen su Inna yana ƙasar Bukkuyum, ana sauka daga titi a bi burji a tsallake wani rafi. Ita Inna tana wurina a Gummi tun rasuwar mahaifina, amma wanta yana can, Kawu, kuma shi ne babba a kan kasuwarsu. Dogon tsoho ne siriri mai ɗingishi, ba ya rabuwa da farin rawani, irin wanda wanki ya mai da shi ruwan toka. Bai taɓa tuƙa ko keke ba. Abin da Allah Ya ba shi kunne ne. Tun muna yara ake cewa idan kana son gulmar Kawu sai ka tsallake rafi, kuma ko a can ka yi ƙasa da murya.

Wannan kunnen shi ne ya zama katangar garin. 'Yan bindiga a kan babura suke zuwa, da yawa, kuma kukan babura masu yawa yana riga su isowa. Wanda ya ji shi da wuri ya tsira da iyalinsa, wanda bai ji ba sai abin da Allah Ya yi. Kawu ya binne babban ɗansa bayan wata shigowa da suka yi ranar da ake biki, ana kiɗa, ba wanda ya ji komai. Daga nan ya kafa doka a kasuwa, mutane kuma suka bi. Ba injin niƙa ranar kasuwa, ba lasifikar masu magani, ba rediyo, har masu niƙa dutsen zinariya a bayan gari sai sun kashe injinansu. Shi kuma ya ɗauki buzunsa ya zauna a gindin tsamiya a bakin kasuwa, fuskarsa ta kalli daji, yana jan carbi. Kasuwa ce da ake ciniki da murya ƙasa-ƙasa.

To ka ga inda muka haɗu. Shi yana son shiru don ya ji zuwansu, ni ina son kuka don in iya tafiya. Mun daɗe muna kauce wa juna. Nakan ajiye motar can nesa bayan makarantar allo, inda kukanta ba ya isa tsamiya sosai, shi kuma ya yi kamar bai ji ba, ko da yake duk wanda ya san Kawu ya san ya ji. Idan na je gaishe shi sai ya ce, "Ɗan Inna, ya jikin tsohuwar taka? Na ji tana tari tun sahe." Motar yake nufi. In ce da sauƙi, Kawu. A nan muke tsayawa.

Ranar da abin ya faru ƙarshen damina ne, an kwana ana ruwa. Filin bayan makarantar ya zama taɓo, idan na shiga sai dai a zo da wata motar a jawo ni. Wuri mai tauri ɗaya ne, bakin kasuwa, jifa kaɗan daga tsamiyar Kawu. Na juya hancinta ya kalli burji, na ja birki, na bar ta a silo, na sauko ana sauke buhuna.

Ban kai ga shan ruwa ba sai ga wani ɗan sa-kai, cikin samarin da ke gadin garin, da bindigarsa harba-ka-ruga a kafaɗa da layu har gwiwar hannu. Bai yi mini sallama ba.

"Kashe motag ga."

"Kai wa?" na ce. "Tahi ka kira wanda yah haihe ka, shi zan yi magana da shi."

Na san bai kamata ba, amma bakina ya riga hankalina tun ina yaro. Ya nufi ƙofar mota zai hau ya zare makulli. Na riƙo shi ta ɗamara na wurgar a taɓo. Ya tashi ya juya bindigar ya kawo mini gindinta a goshi, na ji fata ta tsage, jini ya rufe mini ido ɗaya. Na laluba ƙarƙashin kujera na zaro ƙarfen kwance taya. Wallahi a lokacin niyyata in raba masa kai biyu, ban kuma ji ko ɗar ba. 'Yan'uwansa suka taso da adduna, masu kayan da na kawo suka taso da sanduna, mata suna ihu suna janye tallarsu. Saura ƙiris mu yi wa 'yan bindiga aikinsu.

Mari na ji a kunnen hagu, wancan dai na mahaifina. Na juyo da ƙarfe a sama, sai na ga rawani.

"Aje shi," in ji Kawu. Na ajiye. Ya juya ga samarin ya ce su ja baya, suka ja. Sannan ya dube ni. "Kashe ta."

"Kawu, tana yoyon iska. In na kashe ta, in wani abu yat taso, ba ta motsawa. Na ɗauko gawar wanda yak kashe tashi da hannuna."

"Ni kau na binne ɗana da hannuna, don ba mu jiya ba. In tana wanga kuka, ko sun zaka bakin rahi ba ni jin su. Mutanen ga duka kunnena suka dogara da shi, ba motarka ba."

"In kin ji su hwa, da mi za su gudu? Da ƙahwa?" Haushi ya sa har na ce masa kin, kamar ina faɗa da Inna. Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba.

"Ɗan Inna," ya ce a hankali, "nonon da uwarka tas sha shi nis sha. Gaban mutane nike roƙonka. Kashe ta."

Wanda ba ɗan nan ba zai ce me ya hana ni jan motata in bar musu kasuwarsu. Kayan mutane rabi a sama rabi a ƙasa, waɗanda na kawo kuma ni za su jira in mayar. Ban da wannan ma, wan uwarka bai roƙonka a gaban kasuwa ka juya masa baya, sai dai in ba ka da niyyar sake shiga ɗakin uwar taka. Na hau na murɗa makulli. Gingimari ta yi rawa ta mutu. Raina a ɓace yake ƙwarai, na zauna a matakala ina danne goshi da tsumma, ina zagin kowa a zuci har da Kawun.

Shirun da ya biyo baya ya ba ni mamaki. Na ji kurciya, na ji ruwan rafi, abubuwan da ban taɓa ji a garin ba. Kawu bai koma buzunsa nan da nan ba. Ya karkata kai, ya zagaya motar yana ɗingishi, ya tsaya daidai tsakiyarta ya nuna ƙasa da sandarsa.

"Ga ta nan tana huci. Nan na?"

"Nan na, Kawu. Ranta na ke hita."

Ya ƙara saurarawa, sannan ya tafi gindin tsamiya. Na leƙa allura, ta fara sauka.

Rana ta take tsaka, an fara haramar azahar, sai na ga Kawu ya miƙe tsaye. Carbi ya faɗi bai ɗauka ba. Ni ban ji komai ba, wallahi ko ƙuda. Ya ɗaga hannu, kasuwa ta yi tsit, sai ya buɗe murya irin wadda ban san yana da ita ba.

"Sun taho! Ta yamma! Ku bar kaya!"

Gaskiyarsa ce, ya ji su tun suna nesa, da motata na kuka da sai dai mu gan su. Mutanen gari suka watse cikin dawa, sun san hanyoyinsu. Amma baƙi 'yan cin kasuwa, da tsofaffi, da mata masu goyo, duk motar suka nufo. Suna hawa ta taya, ta katako, ana miƙa jarirai sama kamar ƙullin kaya. Na faɗa kujera na murɗa makulli. Ta kama a bugu ɗaya, Allah Ya yi wa mahaifina rahama. Ƙararrawa ta ɗauki kuka. Allura tana kwance a ƙasa kamar an kashe ta.

Na yi abin da aka mare ni a kansa. Na taka totur har ƙasa na riƙe, don inji ya hura da sauri. Motar tana ihu, hayaƙi ya rufe rumfuna, mutane a baya suna dukan katako suna cewa in ja, in ja mana, me nake jira. Wani ya leƙo ta taga ya shaƙe ni yana zagin uwata, na kai masa gwiwar hannu a baki. Allura ta ɗaga kaɗan ta tsaya. Na ƙara taka, ta ƙi wucewa. Robar bakanike ta saki gaba ɗaya, abin da inji ke hurawa ta can yake fita. Na sa giya na gwada, motar ta yi tsalle a wuri ɗaya, tayoyi a damƙe. Tsoro ya kama ni irin wanda ke sa fitsari, na fara kiran sunan Allah da ƙarfi.

A lokacin ne na fara jin harbi, ta can ƙarshen kasuwa wajen masu dabbobi. Na ga ɗan sa-kan nan da ya fasa mini goshi ya durƙusa bayan turmi ya saki nasa harbin guda, ya tsaya ɗura wani. Bai gama ba. Harsashi ya ɗauke shi ya buga da rumfa, layun suka watse. Wata Bafulatana mai nono, wadda ta saba shiga motata, tana gudu da ƙwarya a ka da goyo, ta kusa kama katako aka same ta a baya. Nonon ya zube ya gauraya da abin da ke fita daga jikinta. Wani Bafulatani dattijo mai sayar da tumaki ya ɗauke 'yar da take goye da ita, ya jefa sama aka cafe, shi kuma ya maƙale a ƙofata.

Sai na ga allura ta motsa. Ta wuce inda ta tsaya, tana hawa a hankali, tana hawa. Ban gane dalili ba sai da dattijon ya sunkuya ya leƙa ƙasa, ya ɗago ido waje.

"Tsohon nan na ƙarƙashi! Ya riƙe tiyon!"

Ban ga shigar Kawu ba. Da kunne ya gano wurin tun da hantsi, ya ja jikinsa cikin taɓo har can, ya kware rawaninsa yana naɗawa a tiyon. Na ce wa dattijon ya ce masa ya fito. Ƙafata kuwa tana kan totur, ban ɗaga ba, domin in na ɗaga allura za ta tsaya. Gilashin gaba ya tarwatse a fuskata. Na ji harsasai suna shiga katako, na ji ihun da ke bayana ya canza, ya zama na waɗanda aka samu. Babura sun shigo tsakiyar rumfuna, ina ganin su, uku-uku a kan kowane, wasu da rawani ya rufe fuska, wasu yara ƙanana da ba su isa aski da reza ba.

Ƙararrawa ta yi shiru.

"Kawu! Hito! Ta cika!"

Dattijon ya sake sunkuyawa, ya daɗe, harsashi ya bugi ƙofar kusa da kansa. Ya ɗago.

"Ya ce ya ɗaure. Ya ce ba shi iya hitowa da sauri, ƙahwa tai ba ta bari. Ya kwanta tsakiya. Ya ce ka ja sak, kak ka karkata."

Mota cike da mutane, wan uwata kwance tsakanin tayoyinta. Na saki birki, na ji iska ta yi tsaki, ƙafafun suka saku. Na riƙe sitiyari da hannu biyu kamar zan karya shi, na saki kuloci a hankali, ni da ake harbi. A duk tuƙin da na yi a duniya ban taɓa tafiya sak irin ta wannan 'yar tazarar ba. Ina jira in ji tayar baya ta hau wani abu. Ba ta hau ba.

Madubin gefe bai fashe ba, da ma ya fashe. A ciki na gan shi kwance a fili inda motar ta tashi, babu abin da ya rufe shi. Ya yunƙura ya zauna. Kansa ba rawani, ban taɓa ganin kan Kawu ba sai ranar, ashe duk furfura ce. Ya ɗaga hannu ɗaya wajenmu, bakinsa yana motsi, yana faɗin wani abu. Babura biyu suka tsaya a kansa. Na ga na bayan ya sauke bindiga. Na sa giya ta gaba, burji ya karkata, dawa ta rufe madubin.

Sun bi mu har rafi. Na shiga ruwan ban rage gudu ba, wani da ke maƙale a baya ya faɗi, ban tsaya ba, kuma har gobe ban san ko wane ne ba. A bakin rafin suka juya, shanun kasuwa sun fi mu daraja a wurinsu. Ban taka birki ba sai a ƙofar asibiti a Bukkuyum, kuma da na taka ya kama. Aka sauke masu rai, aka sauke waɗanda suka cika a hanya. Jini yana ɗiga ta tsakanin katakai a kan tayoyi. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Rawanin yana nan naɗe da tiyo, an murɗa shi an ƙulle da wani irin ƙulli na masu ɗaurin buhu, gefensa ya ƙone ya yi baƙi inda ya taɓa salansa.

Washegari da hantsi muka koma da jami'an tsaro. An jera gawawwaki a gindin tsamiya an rufe da tabarmin kasuwa. Ni da limamin garin muka yi wa Kawu wanka. Harbin a ƙirji ne, wannan na sa rai da shi. Abin da ban sa rai ba hannunsa na dama. Daga wuyan hannu har gwiwa fatar ta saɓule, naman ya dahu fari. Wurin matsattse ne, ba yadda za a kai ga tiyon sai an jingina hannu da salansa. Duk totur ɗin da nake takawa a sama, a hannunsa yake sauka. Ko ya yi ihu ban sani ba. Liman ya ce in zuba ruwa a hankali. Na zuba, ina kuka kamar mace, ban kuma ji kunyar kowa ba.

A wurin zaman makoki mutane suka rabu biyu, har yau kuma ba su haɗu ba. Wasu suka ce da an bar motar tana aiki da ta tashi nan take, da Kawu yana raye. Wasu suka ce da tana aiki da ba wanda ya ji komai, da a cikin rumfuna za a tare mu duka. Wani malami ya so ya ja ni cikin gardamar, na ce masa in ya sake tambayata zan fasa masa baki a gidan mutuwa. Aka janye shi.

Da na koma Gummi bakanike ya kasa kwance ƙullin, sai da ya sa wuƙa. Na ninke abin da ya rage na rawanin, da mai da taɓo da ƙuna, na shiga da shi ɗakin Inna. Tana zaune a kan tabarma, mata sun fita sun ba mu wuri. Na ajiye a gabanta. Ta buɗe, ta shafa wurin ƙunar da yatsa.

"Ya jiya su?" ta ce.

"Ya jiya su, Inna. Tun kahin kowa."

Ta gyaɗa kai. "An ce da kat tashi ya zauna, yana yi maka magana."

"Haka na."

"Mi yac ce?"

Na duba ƙasa. "Ban jiya ba, Inna. Mota na kuka."

Ta ninke rawanin yadda yake ninke shi, ta ɗora a cinyarta ta dafe da hannu biyu.

"Ai ya hwaɗa maka," ta ce. "In tana kuka ba a jin komi."